Ranar da Na Faɗi da Tanki a Gonar Surukina

Shekaranjiya na ga ɗayanku, ba zan kama suna ba, ya goya sabon injin feshi mai batir, ya toshe kunnuwa da waƙa, yana ratsa alkamar mutane da rana tsaka. Na tsaya a bakin hanya ina yi masa magana, ya ɗago min hannu, wai shi a dole gaisuwa nake yi. To, tunda kun ce feshi ba komai ba ne illa danna maɓalli da tafiya, ku matso ku zauna. Ni ne dai Sale Mai-Goyo, wanda kuke kwaikwayon tafiyarsa da zarar ya ba da baya. Kada ku sunkuyar da kai, ina ganinku sarai. Ɗingishin nan a bakin aiki na samo shi, kuma yau za ku ji yadda aka yi.

Aikin farko da maigidana Malam Hudu ya ba ni, can a lambunan bakin dam na Kazaure, shi ne fesa busasshiyar ƙasa da ruwa zalla. Ba magani, ba shuka, ba komai. Ya cika min tanki, ya nuna min fili, ya ce in tafi ina matsa famfo. Idan na kai ƙarshe sai ya bi sawuna yana duban inda ƙasa ta jiƙe. "Nan ka yi tafiyar ango," in ji shi, "nan kuma ka yi ta ɓarawo. Wadda nake so ita ce ta mai zuwa masallaci da alwala." Haka na yi ta shayar da tsakuwa har mutanen da ke wucewa suka fara tambayarsa ko lafiyata ƙalau. Sai da ƙafata da hannuna suka daidaita, ƙasa ta riƙa jiƙewa bai ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ya yarda na taɓa kwalbar magani.

A nan na samo sunan ma. Igiyar tankin ta tsinke wata rana ana tsakiyar aiki, na ari zane a wani gida na ɗaure shi a baya. Matan gidan suka leƙo suna dariya, ɗaya ta ce, "Sale, yaushe za ka yaye shi?" Shi ke nan, an gama da ni. Har a wurin ɗaurin aurena Mai-Goyo aka kira ni.

Kayan aikin ba su da yawa: tanki, sandar feshi, bakin feshi iri biyu, murfin awo, bokiti, takalmin roba, ƙyallen rufe hanci, da sabulu. Sai kuma farin wando. Kun yi dariya ko? Malam Hudu bai taɓa shiga gonar alkama ba sai da farin wando. Ya ratsa fangali ɗaya ya fito, ya dubi gwiwarsa. Idan ya ga wani gari ja-ja mai ɗan rawaya ya manne, to tsatsa ta shiga, ko da daga nesa gonar tana sheƙi. Ni ma na gaji wannan ɗabi'a, matata Habi kuma ta gaji wankin. Ta ce a duk faɗin Roni ita kaɗai ce ke auren mutumin da yake sa fararen kaya don ya je ya ɓata su da gangan.

Abin da ya kamata ku sani shi ne alkama ba a farkonta take wahalar da mutum ba. Lokacin sanyi kowa gwani ne. Rigimar tana farawa ne idan sanyi ya fara ja da baya, bazara ta leƙo, alkama ta ɗauki ciki tana shirin fitar da kai. A lokacin abu uku ke neman ta. Na farko tsatsar nan, wadda take son gona mai cunkoso da raɓa. Idan ta kama ganyen sama, wato na ƙarshe kafin kai, ka yi sallama da ƙwaya mai nauyi, domin shi ne yake ciyar da ita. Na biyu kwanciya. Ka cika mata takin yuriya ta yi tsawo ta yi laushi, ka ba ta ruwa ƙasa ta saki, iskar yamma ta zo, da safe ka tarar da ita shimfiɗe. Alkamar da ta kwanta kuwa ko ta ɗago wuya ba ta komawa yadda take. Na uku kuma mu ne, masu feshi. Magani ya yi yawa, ko a haɗa waɗanda ba sa shiri a tanki ɗaya, ko a fesa rana na dukan ganye, sai ka wayi gari gona ta babbake. Wallahi na ga gonakin da masu feshi suka kashe sun fi waɗanda tsatsa ta kashe yawa.

Ba mugunta ke jawo haka ba, gyara ce. Kun san mutanenmu: ka sayi gyaɗa a yi maka gyara, ka sayi nono a yi maka gyara. To haka manomi yake tsayawa a kanka idan kana awon magani. Ka zuba abin da ya dace, ka rufe kwalba, sai ya ce, "Haba Mai-Goyo, ba gyara?" Wani mutum a wajen Babura na tsaya ina yi masa bayani dalla-dalla, ya saurare ni har na gama, ya ce ya gane. Kafin in isa gida labari ya riga ni cewa ni marowaci ne, ina rage magani in kai wani wuri. Na yi asarar masu kirana a wannan yanki kaf. Wanda suka koma kira yana zuba musu gyara har da ta maƙwabta, gonaki na ƙonewa, suna cewa maganinsa akwai ƙarfi.

Sai na nemo wa kaina mafita. Na samu tsohuwar kwalbar magani wadda warinta bai gama fita ba, na riƙa cika ta da ruwa in ɗiga ɗan nono don ta yi fari. Idan aka ce gyara, sai in ɓata rai, in yi tsaki kamar ana cire min haƙori, in tsiyaya musu murfi guda. Wani lokaci har biyu, idan mutumin kirki ne. Nan da nan sunana ya dawo, aka ce ai Mai-Goyo hannunsa a sake yake. Ban taɓa karɓar ko sisi a kan wannan gyara ba, saboda haka malaman cikinku su sassauta min. Amma dai ku sani, mutuncin da na yi shekaru ina ci a wannan sana'a rabinsa ruwa ne da nono.

Wannan dabara ta yi min aiki a ko'ina, sai a wuri ɗaya.

Surukina Baffa Iro, mahaifin Habi, mutumin wani ƙauye ne tsakanin Gwiwa da Roni. Kiwo ya tashi a ciki, daga baya ya haɗa da noman gero da gyaɗa. Ita Habi 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya faɗa, "ke" kawai yake ce mata. Ni kuwa tunda na aure ta ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan na je gaisuwa tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Kalma biyu ce tsakanina da shi: "To, Baffa."

A shekarar da nake ba ku labari, ya ga mutane na samun alheri a noman rani, sai ya yanke shawara shi kaɗai. Ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, waɗanda da su yake noman damina, ya haƙa rijiyar burtsatse a fadamarsa, ya sayi injin ban ruwa da iri da taki. Lissafinsa shi ne alkama ta dawo masa da shanun kafin ruwan farko ya sauka. Idan ba ta yi ba, dattijo mai furfura zai shiga damina da fartanya a hannu, ko ya bi gidajen yaran da ya goya yana aron shanu. Duk wanda ya san Baffa ya san gara masa ya kwana da yunwa.

Ya noma ta kuwa yadda ya saba noma gero: abin da aka ce a zuba, sai ya ninka. Alkama ta yi baƙi-ƙirin don kore, ta yi tsawo, ta cunkushe. Mutane na tsayawa da babura suna kallo, Baffa na zaune a gindin bishiya yana amsa "madalla". Ni da na gan ta na san akwai matsala. Kuma shekarar zafi ya shigo da wuri.

Wata ranar kasuwar Gwiwa Habi ta ce Baffa ya aiko in zo da kayan aikina bayan Azahar. Na isa, na ratsa fangali ɗaya da farin wandona, na fito gwiwa ja. Tsatsa ce, amma ba ta hau ganyen sama ba tukuna, ana iya tare ta. Na je na durƙusa. Baffa na zaune da dattawa abokansa da ya gayyato su ga aiki. Gabansa kuma ga babban bokiti.

"Malam," in ji shi, yana kallon gefe, haka yake kirana, "na hutar da kai. Na sayo komai, na kuma haɗa."

Na leƙa bokitin. Innalillahi! Maganin tsatsa kwalba guda cur, wadda za ta ishi gona uku irin tasa. Takin ruwa. Da maganin ciyawa, wai ya ga 'yan ganyayyaki a gefen fangali. Maganin ciyawa, a kan alkamar da ta ɗauki ciki! Duk ya juye su wuri ɗaya ya dama da kara. Mai shagon da ya sayar masa ya ce a yi kaza, shi kuma ya ƙara gyara da hannunsa, don ya ji an ce masu feshin yanzu ba su da tsoron Allah. Kwalbata ta ruwa da nono tana cikin buhu, ba ta da ranar amfani.

Wani dattijo ya ce, "Kai, wannan haɗi ko daga nan ana jin ƙarfinsa." Baffa ya gyara zama.

Ku da kuke ganin aikin nan wasa ne, ku gaya min abin da za ku yi. Idan na fesa wannan abu a cikin wannan rana, kafin jibi ganye ya ƙone, kan da zai fito ya fito a murɗe ba ƙwaya. Shanu sun tafi ke nan har abada, kuma da hannuna. Idan na buɗe baki na ce, "Baffa, kun yi kuskure," a gaban abokansa, na tsinka shi a bainar jama'a, kuma ba zai fasa ba, wani zai kira ya fesa masa kafin La'asar. Tsoro ya kama ni sosai. Na ji bakina ya ce, "To, Baffa."

Na ɗauki bokitin na ce zan matsar da shi nesa da rijiya, wannan ƙa'idar aiki ce, ba wanda ya yi musu. Na kai shi can kan tudu kusa da wani suri, inda ƙasa ta bushe ƙamas kuma ba hanyar ruwa. Na ɗebi haɗin na zuba a tanki, na cika da ruwa, na ɗaure hanci, na goya. Ina yi ina jan lokaci ko Allah zai kawo wata dabara. Ba abin da ya zo min sai guda ɗaya, ita ma ta wawaye. Na hau gefen surin kamar zan gyara igiya, na yi bisimilla a zuci, na saki jiki ta baya, na kai wa bokitin shuri.

Niyyata in yi 'yar faɗuwa ta mutunci. Ina! Na manta cewa tanki cike ba ya shawara da kowa. Ya fizge ni, ƙafar hagu ta maƙale a ramin gara, na ji ƙas a idon sawu. Tanki ya tsage, bokiti ya kife, ni kuma ina kwance a kan baya, ƙafa ɗaya a sama, haɗin Baffa na bin wuyana. Ihun da na yi ba na wasa ba ne.

Dattawa suka taso da salati. Da suka tabbatar ban mutu ba sai dariya ta ƙwace wa ɗaya, sauran suka bi. "Shekara nawa kana goyo, yau ɗan ya kayar da kai!" Baffa bai yi dariya ba. Ya tsaya a kaina, ya dubi bokitin, ya dubi ƙasar da ta shanye kuɗinsa, ya ce a kawo ruwa da sabulu. Aka tuɓe ni aka yi min wanka a gaban surukina, ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Bayana ya yi kwanaki yana raɗaɗi, fata ta saɓule. Kada wanda ya kuskura ya gwada wannan, maganin nan ba abin wasa ba ne, Allah ne kawai ya rufa min asiri. Ƙasar wurin ma sai da na sa aka kankare ta aka binne a rami mai zurfi.

Kasuwa ta riga ta watse, sai wani mako, tsatsa kuwa ba ta jira. Na aika Habi ta ce masa tunda ni na yi ɓarnar, ni zan rama da maganin da nake da shi a gida, sai dai na tsatsa kaɗai gare ni. Washegari da safe, raɓa na ɗagawa, rana ba ta yi zafi ba, aka kawo ni a babur da aron tanki. Mai ɗori ya ɗaure min ƙafa ya ce in kwanta, na ce to. Na auna magani daidai. Baffa ya yi gyaran murya, na gane, na ciro kwalbata na tsiyaya masa murfi biyu. Sannan na shiga alkama, sanda a hannu ɗaya, famfo a ɗaya, ƙafa na ja. Kowane taku sai na ji shi har ƙwaƙwalwa. Mai ɗorin ya ce wannan tafiyar ce ta hana ƙashin komawa daidai, kuma ina jin gaskiyarsa ne.

Tsatsa ta tsaya, ganyen sama ya tsira. Amma saura ruwa. Alkama ta fitar da kai ta yi nauyi, iskar yamma ta fara kaɗawa, Baffa kuwa kullum injinsa na ruri. Na sake aika Habi: a rage ruwa, kada a ba ta ranar da ake iska. Ta dawo ta ce ya ce mutumin da ya ba da shanunsa aka haƙa masa rijiya ba ya zama yana kallon ruwa a ƙasa. Na zauna na yi tunani. Ƙafa ɗaya ta rage min. Rijiyar kuma bakinta ko hannu ba ya shiga, balle in ce zan faɗa ciki. Na haƙura.

Iska ta zo kuwa. Ɓangaren gangare, inda ruwa ke kwanciya, ya shimfiɗe gaba ɗaya. Muka bi da lauje muna tsintar abin da ya samu, ƙwayar duk ta tsamure. Ɓangaren tudu ya tsaya da ƙafarsa, ya cika fal.

A tsakanin nan labarina ya zaga kasuwanni. Aka ce Mai-Goyo ya tsufa, jiri ke ɗibarsa. Wasu suka ce warin magani ya taɓa masa kai. Masu kirana suka ragu, wasunsu har yau ba su dawo ba. Ban gaya wa kowa gaskiya ba, ko Habi, don idan ta fito Baffa ne zai ji kunya, ba ni ba. Na gwammace a ce ni sakarai ne, tunda dama ba a taɓa zargina da wayo ba.

Da aka casa aka auna, alkamar ba ta dawo da shanu biyu ba. Ta dawo da ɗaya. Baffa ya haɗa shi da na wani maƙwabcinsa mai guda ɗaya, suka riƙa huɗa tare, yau gonar wannan gobe ta wancan. Bai ari na kowa ba, bai kuma riƙe fartanya ba.

Ranar da aka kawo san, muka je yi masa barka ni da Habi. Na durƙusa a bakin zaure inda na saba, ƙafar a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Yana shafa wuyan san, ya ba ni baya. Ya sa aka fito da buhun alkama aka ajiye kusa da babur ɗina. Sannan ya yi magana da 'yarsa, da muryar da ya tabbata ina ji.

"Ke. Ki gaya wa Malam, ni da dabbobi na tashi. Na ga faɗuwar saniya, na ga ta jaki, na ga ta mutum. Ban taɓa ganin wanda ya waiwaya ya duba wurin da zai faɗi ba, sai a gonata."

Habi ta juyo ta dube ni, baki buɗe. Ni kuwa na kafa wa ƙasa ido.

"Ki kuma gaya masa," in ji Baffa, har yanzu bai juyo ba, "baɗi idan ya ga zan yi wauta, ya aiko ki tun da wuri. Sa dai ina iya sayensa. Ƙafa ban san kasuwar da ake sayar da ita ba."